Ƙashin Dabba a Matsayin Turken Enzayim: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara idan lokacin aikin kammala digiri ya kama, ɗaliban bayokemistiri da na ilimin ƙananan halittu a nan Jos sukan zo da tambayoyi kusan iri ɗaya a kan wannan batu. Na tara su wuri guda, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma na fi daɗewa a wuraren da na ga aikin mutane yana rushewa.

1. Mene ne enzayim, kuma me ake nufi da ɗaure shi?

Enzayim furotin ne da halitta ke yi don hanzarta wani canji na sinadari, ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Kun san aikinsa tun kafin ku ji sunansa. Tsiron gero ko dawa da ake niƙawa a zuba a kunun zaƙi, amiles ɗin cikinsa ne ke daddatsa sitaci ya mai da shi sukari, har kunun ya tsinke ya yi zaƙi. Ganyen gwanda da ake naɗe nama mai tauri da shi, fafen ɗin cikinsa ne ke tausasa naman. Haka ruwan tumfafiya da ake sa wa madara ta daskare a yi cuku.

Damuwar ita ce enzayim narkewa yake yi a ruwa. Idan ya gama aiki sai ya bi kayan da ya sarrafa, ba a iya tsamo shi, gobe kuma sai an sayi wani, alhali mai tsabta daga waje ake shigo da shi da dala. Ɗaurewa ita ce a manna shi a jikin wani abu mai tauri da ba ya narkewa. Kamar akuya ce a turke: ana kawo mata ciyawa tana ci, amma ba ta bin mai ciyawar gida. Shi ya sa a wannan shafi nake kiran abin da ake manna enzayim a kai da sunan turke.

2. Me ya sa ƙashi, ga shi akwai turaku na kanti?

Araha ce dalili na farko. Na biyu kuwa ginin ƙashin kansa. Kimanin kashi biyu cikin uku na nauyinsa ma'adini ne na kalsiyam da fosfet mai suna haidiroksi-afatayit, saura kuma ruwa ne da furotin, wanda mafi yawansa kolajin ne. Kowane ɗayan biyun yana ba enzayim wurin kamawa. Ma'adinin yana da guraben kalsiyam masu caji mai alamar + da guraben fosfet masu kishiyar caji, don haka yana jan furotin iri-iri. Kolajin kuma yana da hannayen amino da za a iya ƙulla enzayim a kansu da sinadari (duba tambaya ta 8).

Ga kuma tauri. Ƙwayoyin aljinet, wani turke mai kama da jeli, da ɗalibai suka saba da su laushi gare su, suna murƙushewa idan aka cika bututu da su, kuma bafar fosfet tana narkar da su (bafa ruwan gishiri ce da ke hana tsami ko kaifin ruwa sauyawa). Tsakin ƙashi ba ya matsewa, ruwa yana ratsa shi, kuma ɓangaren da ke kama da soso a kawunan dogayen ƙasusuwa cike yake da ƙofofi masu ƙara faɗin wurin kamawa.

3. Wannan sabuwar dabara ce?

A'a. Tun 1916 Nelson da Griffin a Amurka suka nuna cewa inbates, enzayim mai raba sukarin rake gida biyu, yana ci gaba da aiki bayan an manna shi a jikin gawayi. Labarin da na fi so shi ne na kamfanin sukari na Tate & Lyle a Ingila. Tsakanin 1941 da 1946, a sanadin yaƙin duniya na biyu, asid ɗin da suke yin ruwan sukarinsu na Golden Syrup da shi ya yi wuyar samu. Sai suka ciro inbates daga yis, suka manna shi a gawayin ƙashin da dama suke tace launin sukari da shi. Shimfiɗar mai enzayim ta kai zurfin santimita 60 a cikin tarin gawayi mai zurfin sama da mita 6. Aikin ya tafi daidai, kuma abin da ke tsayar da su ba mutuwar enzayim ba ce, ƙwayoyin cuta ne ko gajiyar gawayin wajen cire launi. Da asid ya dawo suka koma gare shi, domin ɗanɗanon bai zo ɗaya ba.

Bayan haka, a 1969 kamfanin Tanabe Seiyaku na Japan ya fara sarrafa amino asid da ɗaurarren enzayim a masana'anta, a kan wani turke daban. A shekarun 1980 da 1990 kuma masu bincike a jami'o'in Guelph da Carleton na Kanada suka yi aiki a kan tsakin ƙashin kaji, suka ɗaura masa enzayim masu mai da sitaci sukari.

4. Wane ƙashi zan nema, kuma a ina?

Na saniya ya fi sauƙin samu da yawa. Ku tafi mayankar Jos da sassafe, ko wurin mahautan da kuka sani a Bukuru ko Farin Gada. Ku fara gaida Sarkin Fawa ko babban wurin, ku faɗi abin da ya kawo ku. Cewa "Baba, na makaranta ne, ƙashin cinya da na ƙwauri nake so, na saniya ɗaya" ya fi ku tsaya tsintar abin da aka zubar a bayan mayanka, wanda ba ku san dabbar da ta bar shi ba ko kwanan da ya yi a rana. Na kaji ya fi saurin dakuwa kuma ya fi ƙofofi, sai dai kada ku ɗauki wanda aka soya ko aka gasa da yaji. Ku sayi abin da zai ishe ku har ƙarshen aikin, ku shirya shi lokaci ɗaya, domin ƙashin tsohon sa da na maraƙi ba ɗaya ba ne wajen tauri da yawan ma'adini.

Akwai kuma batun halacci, wanda bai kamata a ɗauke shi da wasa ba idan abin da za a sarrafa na ci ne. A mazhabar Malikiyya ƙashin mushe najasa ne, na alade kuwa babu maganarsa. Jos gari ne da ake yanka dabbobi iri-iri a unguwanni daban-daban, saboda haka garin ƙashin da ake sayarwa a buhu don abincin kaji bai dace ba, ba a san abin da aka haɗa a ciki ba. Ku rubuta a littafin aikinku irin dabbar, wurin yanka da ranar.

5. Ba zan ɗauki cuta ba?

Ana iya ɗauka idan an yi sakaci. Tarin fuka na shanu da bakkale suna kama mutum, ga kuma ciwon saifa, wanda hukumomi suka tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023. Ƙwayar ciwon saifa tana yin ƙwanso mai jure zafi, tafasawa kaɗan ba ta isa a dogara da ita ba. Ku ɗauki ƙashin dabbar da likitan dabbobi ya duba, ku sa safar hannu, kuma bayan tafasawa ku sa shi a otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15. Ƙoƙon kai da ƙashin baya ku bar su gaba ɗaya, saboda abin da ke kawo cutar haukan shanu a ƙwaƙwalwa da laka yake taruwa, kuma otokilef na yau da kullum ba ya kashe shi. Lokacin daka ku rufe hanci.

6. Yaya ake shirya ƙashin?

Ku kankare nama da jijiya da guringuntsi, ku sa mahauci ya sassara muku shi ƙanana, ku ƙwaƙule ɓargo. Ku tafasa awa ɗaya zuwa biyu kuna zubar da ruwan kuna sake wani, har mai ya daina tasowa. Sauran kitsen da ya maƙale a ƙofofi sai an jiƙa a asiton ko hekzen, nesa da wuta, a wuri mai iska. A nan ne mutane ke gaggawa, kuma a nan ne suke cutar kansu: kitse yana toshe ƙofofi, yana hana ruwa jiƙa ƙashin, daga baya ya yi ɗoyi. Ƙashin da ya tsarkaka fari ne, ba ya santsi a hannu, ba ya barin tabon mai a takarda.

Daga nan a wanke da tataccen ruwa, a busar a oben a wajen digiri 60, a daka a turmin ƙarfe, a tankaɗe. Ku yi amfani da rariya biyu, ta sama da ta ƙasa, don ku tsare girma ɗaya, misali tsakanin rabin milimita da milimita ɗaya. Gari mai laushi ƙwarai yana kama enzayim da yawa, amma yana toshe bututu kuma wani yana zubewa duk lokacin wanki. Manyan tsaki kuwa suna da sauƙin tacewa amma wurin kamawarsu kaɗan ne. A ƙarshe ku ɗauraye tsakin har ruwan ya daina yin fari.

7. In bar shi ɗanye ko in ƙona shi?

Kama uku ƙashi ke iya ɗauka, kuma kowace turke ce daban. Ɗanyen da aka tsarkake yana da kolajin ɗinsa, shi ne ya dace da ƙulli na sinadari. Idan aka ƙona shi a rufaffen tukunya da iska kaɗan, wajen digiri 400 zuwa 600, sai ya zama baƙin gawayin ƙashi, mai kabon kimanin kashi 10 cikin 100. Shi ne irin na labarin da ke tambaya ta 3, kuma shi ake tace fulorayid daga ruwan sha da shi a Kenya da Tanzaniya. Idan kuma aka ƙona shi a buɗe da zafi mai tsanani har ya yi fari tas, furotin ya tafi, ma'adini zalla ya rage.

Kada a zarce da wuta. Zafin da ya doshi digiri 1,000 yana sa ƙananan ƙofofi su haɗe, wurin kamawa ya ragu. Farin ƙashin da ya sha wuta sosai kuma yakan mai da ruwa ya yi kaifin alkali kamar ruwan toka, don haka a wanke shi a riƙa auna pH, wato ma'aunin tsami da kaifin ruwa, har ya sauko kafin ya taɓa enzayim. Zaɓin ya dogara ne da irin enzayim ɗinku, duba tambaya ta 10.

8. Mannawa kawai ta isa, ko sai da gulutaraldihayid?

Mannawa ita ce hanya mafi sauƙi: a zuba tsakin ƙashi a ruwan enzayim, a riƙa girgizawa a hankali cikin sanyi na 'yan awoyi, a tace, a wanke. Ba ta cika lalata enzayim ba, kuma idan ya mutu ana iya wanke turken a ɗora sabo. Aibinta shi ne riƙon ba shi da ƙarfi. Gishiri ya yi yawa, ko pH ya sauya, sai enzayim ya saki.

Gulutaraldihayid kuwa sinadari ne mai hannu biyu, ɗaya ya kama amino na kolajin, ɗaya ya kama amino na enzayim. Ana sayar da shi da ƙarfin kashi 25 cikin 100, a tsarma shi zuwa wajen kashi 1 ko 2, a jiƙa ƙashin a ciki, a wanke sosai, sannan a kawo enzayim. Za ku ga ƙashin ya yi ruwan ɗorawa ko ƙasa-ƙasa, alamar ya kama. Kada ku yi wannan mataki a cikin bafar Tris ko gilaisin, domin su ma suna da amino kuma za su cinye hannayen kafin enzayim ya iso. Gilaisin a ƙarshe ake sa shi, don ya toshe hannayen da suka rage. Ƙashin da aka ƙona ba shi da kolajin, saboda haka ko dai a fara lulluɓe shi da kaitosan, wani sinadari mai hannayen amino, ko a manna enzayim tukuna sannan a ɗinke shi da gulutaraldihayid mai rauni. Sinadarin yana ƙona ido da fata, yana kuma tayar da asma. A yi aikinsa a akwatin zuƙe hayaƙi, da tabarau da safar hannu.

9. Wace bafa zan yi amfani da ita, kuma a wane pH?

Idan amsa ɗaya kawai za ku karanta a shafin nan, to wannan ce. Ƙashi ba dutse ba ne da zai zauna shiru a kowane ruwa. Ma'adininsa ɗaya ne da na haƙori, kuma kamar yadda tsami ke cin haƙori, haka yake fara narkewa idan pH ya sauka ƙasa da wajen 5.5. Ku jefa ƙashin kaza a ruwan binega ku bar shi kwanaki, za ku iya lanƙwasa shi da yatsa. Yayin da yake narkewa yana ɗaga pH na ruwan, fuskar da enzayim ke riƙe da ita kuma tana zaizayewa. Sitiret da EDTA sun fi muni, domin kama kalsiyam suke yi su fizge shi daga ƙashin. Idan dole ne a yi aiki a ɓangaren tsami, bafar asitet ta fi, kuma a auna pH kafin aiki da bayansa.

Tarko na biyu shi ne fosfet. Masu tace furotin sun daɗe suna amfani da wannan ma'adini a bututu: su ɗora furotin a fosfet mai rauni, wajen milimola 10, sannan su ƙara ƙarfin fosfet ɗin don su sauko da shi. Wato bafar fosfet mai ƙarfi ita ce ainihin abin da ake kwance furotin da shi daga ƙashi. Amma kusan kowane ɗalibi, abin da ya fara haɗawa shi ne fosfet mola 0.1, saboda shi ya gani a aikin wanda ya gabace shi. Na taɓa zama da wata ɗaliba da ta yi mako uku tana manna amiles tana wankewa da irin wannan bafa, kullum ƙashin yana fitowa babu aiki, har ta fara zargin enzayim ɗin jabu ne. Da muka auna ruwan wankin, a can muka same shi da ransa. Ta rage ƙarfin bafar, aikin ya tashi. Mai amfani da gulutaraldihayid wannan bai dame shi sosai ba, amma mai mannawa kawai ya tsaya a kan fosfet mai rauni, ko ya sauya bafa.

10. Wane enzayim ne ya dace da ƙashi, wane ne bai dace ba?

Waɗanda suka fi son pH 6 zuwa 8 su ne abokan ƙashi: alfa-amiles, wanda dama yana buƙatar kalsiyam don ya tsaya da ƙarfinsa, da katales, da lifes mai narkar da kitse. Guluko-amiles da inbates sun fi son wajen 4.5, don haka sai an yi sulhu, a ɗaga pH zuwa 5 ko 5.5, a yarda da raguwar sauri kaɗan don turken ya daɗe (duba tambaya ta 9).

Masu narkar da furotin, irin su fafen na gwanda, kada a ɗora su a ɗanyen ƙashi. Kolajin ɗin da aka dafa abincinsu ne, za su ci turken da aka ɗaure su a kai, kuma abin da suka ci zai shiga ma'auninku kamar sakamako. Ƙonannen ƙashi ya fi musu. Mai aiki da lifes ya tabbatar babu ɗigon kitse da ya rage. Mai aiki da faites ko fosfates, enzayim masu kwance fosfet, kuma ya nemi wani turke, tunda fosfet yake aunawa, ƙashin kuwa fosfet yake saki.

11. Ta yaya zan tabbatar enzayim ya kama, kuma yana aiki?

Abubuwa biyu ne daban, kowanne da awonsa. Na farko yawan furotin: a auna na ruwan enzayim kafin a zuba ƙashi, a auna wanda ya rage a ruwan da aka tace da duk ruwan wanki, bambancin shi ne abin da ya kama. A ce kun fara da miligiram 20, kun samu 6 a tataccen ruwa da 2 a wanki, to 12 ne a jikin ƙashi. Hanyar Bradford, wadda ake karantawa a nanomita 595, ta fi ta Lowry dacewa a nan, domin ba ta cika jin kolajin da ɗanyen ƙashi ke saki ba.

Na biyu shi ne aiki. Ga amiles da inbates ana auna sukarin da ya fito da DNS, sinadarin da ke sauya launi idan ya haɗu da sukari, a nanomita 540. A cire ƙashin tukuna kafin a zuba DNS a dafa. Kuma kada a tsallake gwajin shaida: ƙashin da ya bi duk matakai amma ba a sa masa enzayim ba, da wanda aka sa masa enzayim da aka kashe da tafasa. Ragowar gulutaraldihayid tana iya ba DNS launi, gawayin ƙashi kuma yana shanye launi da wasu kayan, kowanne yana karkatar da lamba. Sai gwajin yoyo: a tsakiyar aiki ku tace ƙashin ku fitar, ku bar ruwan ya ci gaba da zama a zafinsa. Idan sukari ya ci gaba da ƙaruwa, enzayim ya saki, abin da kuke aunawa ba ɗaurarre ba ne.

12. Aikin enzayim ya ragu bayan na ɗaure shi. Na ɓata ne?

Ba lallai ba. Haka aka saba gani. Wani enzayim ɗin ya manne da bakinsa a jikin ƙashi, wani gulutaraldihayid ya taɓa shi a wurin aiki, wani kuma yana can cikin rami inda abincinsa ke daɗewa bai iso ba. Wannan na ƙarshe shi ke sa Km, wato yawan abincin da enzayim ke buƙata don ya kai rabin saurinsa, ya bayyana kamar ya ƙaru, musamman da manyan ƙwayoyi irin na sitaci. Ku gwada tsaki mai girma biyu, ko ku ƙara saurin girgizawa. Idan aiki ya ƙaru, matsalar ta isowa ce, enzayim ɗin lafiyarsa lau. Girgizawa nake cewa, ba juyawa da maganaɗisu ba, don sandar tana niƙe tsakin. Ribar ɗaurewa a maimaici take da jure zafi, don haka su za ku auna ku kwatanta da sakakken enzayim.

13. Sau nawa zan iya maimaita shi, kuma yaya zan ajiye shi ga matsalar wuta?

Babu lamba ɗaya da ta hau kowa, ya danganta da enzayim da hanyar ɗauri da pH. Ku yi zagaye bayan zagaye da lokaci ɗaya da zafi ɗaya, ku ɗauki na farko a matsayin 100, ku ga inda ya faɗo rabi. Ku busar da wani kaso ku auna nauyi a farko da ƙarshe, domin sau da yawa abin da ake kira mutuwar enzayim tsaki ne ya bi ruwan wanki.

Ajiya a jiƙe ake yi, cikin bafa, a firji a digiri 4, ba a daskarar ba. Ɗanyen ƙashi mai danshi abincin fumfuna ne, don haka idan wuta tana yawan ɗaukewa ku shirya kaɗan-kaɗan, busasshen turken da ba a ɗora masa komai ba shi ne mai jure ajiya. Kuma kada ku rubuta "zafin ɗaki" a Jos. Ɗakin gwaji da safiyar Janairu cikin hunturu da na azahar ɗin Maris ba ɗaya ba ne, kuma bambancin digiri 10 yana iya kusan ninka saurin enzayim. Ku yi aiki a bahon ruwan ɗumi da ma'aunin zafi a ciki.

14. Wannan zai iya zama sana'a a Filato, ko a takarda zai tsaya?

Kayan suna nan: masara daga Mangu, dankalin turawa daga Bokkos wanda ake asarar wani kaso nasa a lokacin kaka, rogo daga ƙasan jihar, ga masu biskit da alewa da ke buƙatar ruwan gulukos. Amma turke shi ne ɓangare mafi araha a lissafin, kuɗin yana wurin enzayim da wutar dumama da tsabta. Tsarin da nake ganin ya fi kama hankali shi ne a fara dafa sitaci a tsinka shi da sakakken alfa-amiles, tunda kauri ba ya ratsa tsaki, sannan a bi da ruwan ta bututun ƙashi mai guluko-amiles a wajen digiri 55 zuwa 60, zafin da ke rage yaɗuwar ƙwayoyin cuta.

Wanda ke son ya wuce matakin kwalba ya haɗa bututu ɗan ƙarami, ya bar shi yana gudana kwana da kwanaki, kullum yana auna gulukos da pH da kalsiyam ɗin da ke fita a ruwan. Idan abin sayarwa ne don ci, sai an nuna babu ragowar gulutaraldihayid, an bi rajistar NAFDAC, kuma rubutaccen bayanin asalin ƙashin da aka ambata a tambaya ta 4 yana hannu tun daga buhun farko.